Tarihin Rayuwata, Kashi na Takwas: Ranakun Asabar a Kwalejin Fasaha

A makon da ya gabata na tsaya ne a inda na kammala shekarar farko a kwalejin fasaha ta gwamnati da ke wani ƙaramin gari a jihar Kano, bayan an zagaya da mu sassan kafinta, walda, gini, kanikancin mota da aikin famfo, har daga ƙarshe aka tabbatar da ni a sashen haɗa wutar lantarki. A wannan makon zan ba da labarin abubuwan da muke yi bayan an tashi daga aji, musamman ranakun Asabar, domin a cikinsu ne hannuna ya faɗa da sana'ar da nake ci da iyalina da ita har yau.

Tsarin karatunmu na shekara uku ne ga wanda ya gama ƙaramar sakandare. Da safe muna ɗaukar Turanci, Lissafi, Fiziks da zanen fasaha kamar sauran ɗalibai, da rana kuma mu sanya kayan aiki mu shiga wokshof. A farkon shekarun 2000 da nake magana a kai, wutar NEPA ba ta zama, janareton makaranta kuma ba a tayar da shi sai da babban dalili, saboda haka yawancin aikinmu a kan allon katako muke yin sa. Za a ba ka waya, kusoshi, mazaunin ƙwai da makunni biyu, ka haɗa fitila ɗaya da za a iya kunnawa a bakin ƙofa a kashe ta a gefen gado, malami ya duba ya ba ka maki, sannan ka warware komai ka miƙe wayar domin na bayanka ya yi amfani da ita. Wannan horo yana da amfani, kuma ba na raina shi, amma allon katako ba ya koya maka tsoron Allah a cikin aiki, domin babu wanda zai kwana a ƙarƙashinsa da 'ya'yansa.

Makarantar tana da ƙungiyoyin ɗalibai irin waɗanda ake samu a kowace makarantar kwana. Akwai reshen ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN da ke shirya karatu bayan sallar Magariba, akwai ƙungiyar muhawara, akwai 'yan wasan kwaikwayo, akwai kuma gasar ƙwallon ƙafa da guje-guje tsakanin gidajen kwana a lokacin hunturu. Na taɓa kowanne kaɗan, amma wadda ta riƙe ni ita ce ƙungiyar JETS, wato ƙungiyar matasan injiniyoyi da masu fasaha da kimiyya da ake da ita a makarantun sakandare na Najeriya. A mafi yawan makarantu aikinta bai wuce shirin gasar kacici-kacici da ƙera ɗan abin nuni ba. A tamu makarantar kuwa, malaminmu na sashen lantarki, wanda ya yi shekaru yana aiki a wata masana'anta a Bompai kafin ya dawo koyarwa, ya nemi izinin shugaban makaranta ya mayar da ita ƙungiyar gyare-gyare. Duk ranar Asabar bayan an gama share-share, sai mu buɗe wokshof mu karɓi kayan da suka lalace, da farko na makaranta da na gidajen malamai, irin su dutsen guga, fanka, rediyo da murhun lantarki.

Malam ya kafa mana dokoki tun ranar farko, kuma bai taɓa sassauta su ba. Babu wanda zai taɓa waya sai ya kashe layi, ya zare fis ya sa a aljihunsa, sannan ya gwada da tasta, ita ma tastar sai an fara gwada ta a inda aka tabbatar akwai wuta. Duk kayan da aka kawo sai an rubuta shi a littafi, tare da abin da aka gano yana damunsa da abin da aka saya aka sa masa, kuma tsohon abin da aka cire dole ne a mayar wa mai shi a hannunsa. Ɗan abin da jama'a ke bayarwa na ladan aiki yana shiga asusun ƙungiya a hannun ma'aji, wanda ɗalibi ne ɗan aji uku, kuma da shi ake aika mutum kasuwar Sabon Gari a Kano ya sayo waya, salatif da dalma. A lokacin muna ganin wannan rubuce-rubuce wahala ce kawai, sai da na buɗe nawa shagon na fahimci cewa rabin rigimar da ke tsakanin masu gyara da masu kawo gyara tana tasowa ne daga rashin irin wannan littafin.

Aikin da ya fitar da mu daga harabar makaranta shi ne na masallacin Juma'ar garin. Wata rana na'ibin liman ya zo wurin Malam da ƙorafin cewa abin magana yana fizgar liman a leɓe duk lokacin da ya kusanto da shi bakinsa, har ta kai ana naɗe shi da hankici, fankoki kuma da dama sun daina juyawa, ga zafi yana matsowa. Malam ya kwashe mu muka tafi da tsani da akwatin kayan aiki. Abin da muka tarar a cikin silin ya fi duk wani darasi da aka taɓa rubuta mana a allo. An yi ta ƙara layi a kan layi shekara da shekaru, duk wanda ya ba da sadakar fanka ko fitila sai a jona ta a inda ya fi kusa, har ya zamana siririyar waya guda ce ke ɗauke da fankoki, fitilu da na'urar lasifika baki ɗaya. Mahaɗan wayoyin murɗa su kawai aka yi aka naɗe da leda, wasu sun yi baƙi sun ƙone, itacen rufin da ke kusa da su ma ya fara canza launi. A akwatin fis kuwa, an cire siririyar wayar da aka yi domin ta tsinke idan kaya ya yi yawa, an sa ƙatuwar wayar tagulla a madadinta, wai don a huta da yawan ɗaukewar wuta. Wayar ƙasa babu ita ko kaɗan, kuma wannan ne ya sa wutar da ke zurarewa a jikin na'urar lasifika ba ta da hanyar fita sai ta jikin wanda ya riƙe abin magana.

Malam ya kira dattawan kwamitin masallaci ya nuna musu mahaɗin da ya ƙone a tafin hannunsa. Ɗaya daga cikinsu, wani tsoho mai sayar da hatsi, ya dube mu ya ce, “Malam, yanzu waɗannan yaran ne za su taɓa wutar ɗakin Allah?” Malam ya amsa da cewa, “Ranka ya daɗe, su ne za su yi, ni kuma ina tsaye a kansu, kuma ba za a kunna ko ƙwai ɗaya ba sai na gwada kowane layi da hannuna.” Tsohon ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce Allah ya yi jagora, shi ne kuma ya fara zuba kuɗin sayen waya.

Mun raba layin fitilu da na soket, muka ja na fitilu da waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5, na soket kuma da mai 2.5, kowanne da nasa fis daidai ƙarfinsa, muka kuma ware wa na'urar lasifika nata layin. Kowane mahaɗi ya shiga cikin akwatinsa da murfi. Ni da wani abokina aka ba mu aikin wayar ƙasa, muka haƙa rami a bayan wurin alwala inda ƙasa ba ta rabuwa da danshi, muka kafa sandar tagulla, muka zuba gawayi da gishiri a kewayenta kamar yadda masu aikin suke yi, sannan muka ja koriyar waya daga can har zuwa akwatin rarraba wuta. Fankokin da aka ce sun mutu kuwa, mafi yawansu lafiyarsu ƙalau, ɗan kafasitan da ke ba su ƙarfin tashi ne ya yi rauni, muna canza shi suka kama juyawa. Ranar Juma'ar da ta biyo baya liman ya yi huɗuba babu hankici a kan abin magana, bayan an sallame kuma ya yi wa makarantarmu addu'a a gaban jama'a. Tsohon nan mai hatsi ya aiko mana da buhun gero, aka kai ɗakin girki aka yi wa ɗalibai kunu.

Daga wannan lokaci mutanen gari suka san hanyar wokshof ɗinmu. Kafin nan, da yawansu suna ɗaukar makarantar a matsayin matattarar yaran da suka kasa samun gurbi a makarantun kimiyya, kuma ba su ɓoye wannan ra'ayi idan muka shiga kasuwa. Sauran sassa ma suka shigo cikin shirin, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. 'Yan kanikanci suka riƙa karɓar injinan ban ruwa na manoman rani, 'yan walda suka gyara ƙofofi da tagogin makarantar firamare, 'yan kafinta suka ɗaɗɗaure kujerun asibitin garin, 'yan gini kuma suka yi wa wata rijiya da ta fara zubewa sabon baki.

A ƙarshen zango na biyu na kowace shekara makaranta tana shirya ranar baje koli, inda ake gayyatar iyaye, masu unguwanni da jami'an hukumar makarantun kimiyya da fasaha ta jiha, kowane sashe ya shimfiɗa abin da ɗalibansa suka ƙera. Mu a wannan shekarar mun haɗa ɗan ƙaramin gida na katako da aka cire masa bango ɗaya domin a ga yadda wayoyi ke tafiya daga mita zuwa ɗakuna, da makunnin da ke sauya layi tsakanin wutar NEPA da ta janareto. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya zo daga ƙauye a ranar. Masu bin wannan labari za su tuna cewa shi burinsa in zama malamin asibiti, kuma bai ji daɗin shigata wannan makaranta ba. Ya tsaya a gaban teburinmu yana sauraro ina yi wa baƙi bayanin dalilin da ya sa ba a haɗa janareto kai tsaye da layin gida, domin wutar tana iya komawa kan layin waje ta kashe ma'aikacin da ke kan turke. Da jama'a suka ragu sai ya matso ya ce, “Yanzu duk wannan da hannunka ka haɗa?” Na ce, “E, Baba, ni da 'yan'uwana.” Ya ɗauki filayata ya jujjuya ta, ya ga bakinta ya cinye, bai ce komai ba ya ajiye. Da na koma gida hutu na tarar ya sayar da tunkiya ya aika an sayo mini sabuwar filaya, sukudireba da tasta daga Kano.

A dogon hutu makaranta tana ba kowane ɗalibi takarda ya je ya nemi inda zai yi aikin sanin makama. Ɗaliban jami'o'i da na kwalejojin kimiyya da fasaha suna da tsarin SIWES da ke ƙarƙashin asusun horar da ma'aikata na ITF, wanda aka kafa a 1971, amma mu namu shiri ne na makaranta, babu alawus a cikinsa. A da, in ji malamanmu, masana'antun Sharaɗa, Bompai da Chalawa ne ke ɗibar ɗalibai, amma a zamaninmu da yawansu sun rage aiki ko sun rufe saboda matsalar wuta da tsadar man janareto. Ni na samu wuri a shagon wani mai naɗin kwayil a cikin birnin Kano, inda na koyi yadda ake ƙona tsohon naɗin injin, a ƙirga zagayen wayar kafin a cire ta, a auna kaurinta, a sake naɗa sabuwa daidai da ita, a shafa mata banish a gasa. Maigidan bai yi karatun boko ba, amma da jin ƙarar inji yakan faɗi abin da ke damunsa, ni kuma nakan taimaka masa da lissafi da karanta rubutun da ke jikin injinan. Ya riƙe ni kamar ɗan cikinsa, kuma ya yaba da cewa ban zo masa a matsayin baƙon aiki ba, domin ranakun Asabar sun riga sun koya mini yadda ake karɓar kayan mutane da yadda ake yi musu bayani.

Abin da ke damuna idan na tuna wannan shiri shi ne, ba ya cikin manhaja, ba shi da kaso a cikin kuɗin makaranta, ya dogara ne kacokan a kan malami ɗaya da ya sadaukar da ranar hutunsa, da shugaban makaranta da ya yarda ya ɗauki nauyin barin yara su fita gari da tsani. A ganina bai kamata abu mai amfani irin wannan ya rataya a kan kirkin mutum ɗaya ba. Da za a sa shi cikin tsarin kowace kwalejin fasaha, a ware masa kuɗin kayan aiki, a kuma riƙa ba ɗalibi maki a kansa, da yaran da ke zuwa shagona da takardar shaida a hannu ba su riƙa tsayawa suna kallon akwatin rarraba wuta kamar ba su taɓa ganinsa ba. Malamai kuma da ke irin wannan ɗawainiya sun cancanci a biya su ladan lokacinsu.

Muna dawowa daga wannan hutu muka shiga aji uku, aka zaɓe ni ma'ajin ƙungiya, littafin nan ya dawo hannuna. A daidai lokacin ne kuma aka fara yi mana rajistar jarrabawar NABTEB, hukumar da aka kafa a 1992 mai hedikwata a birnin Benin na jihar Edo, wadda ke ba da takardar shaidar fasaha ta ƙasa, tare da gwajin sana'a na ma'aikatar ƙwadago ta tarayya da ake farawa daga mataki na uku a hau zuwa na ɗaya. Kuɗin rajistar biyu a lokaci guda ya fi ƙarfin gidanmu a shekarar, domin damina ba ta yi kyau ba. Yadda aka yi aka haɗa kuɗin, da abin da ya faru a ranar jarrabawar aiki da hannu, su ne za mu ɗora a kai a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.