Daren da na je Kufena neman gajimaren Oriyon

Sati biyu ina jiran hazo ya lafa. Wahalar ɗaukar hoton sama a Zariya ke nan: a watan Janairu rukunin taurarin Oriyon ke hawa tsakiyar sama da wuri, kuma a lokacin ne ƙurar hunturu ke turnuƙe gari. Ran da iska ta kwanta, ana idar da isha'i na ɗaure kyamara da sandunanta a bayan babur, na goya ƙanena, muka bar Tudun Wada muka bi ta Wusasa har gindin dutsen Kufena, inda fitilun gari ba sa kashe ido.

Muna kafa kaya wani dattijo mai gadin gona ya haske mu da tocila.

"Samari, lafiya da daren nan?"

"Lafiya lau, Baba. Hoton taurari muka zo ɗauka."

Ya ɗaga kai ya nuna Kaza da 'ya'yanta, ya ce waɗannan dai ya san su tun yana yaro. Na karkato da shi ga taurari ukun nan da ke jere a tsakiyar Oriyon, na ce ya duba kusa da su, akwai ɗan tabo kamar hayaƙi. Shi na zo nema. Gajimaren Oriyon ke nan, M42 ake ce masa, gajimaren ƙura da iskar haidirojin ne inda ake haifar sababbin taurari. Hasken da ke shiga idonmu ya yi sama da shekara 1,300 a hanya.

Ba ni da na'urar da ke bin juyawar duniya. Da na bar kyamara a buɗe ta wuce daƙiƙa biyu, sai taurari su ja layi. Dole na riƙa ɗaukar gajeru, guda 300, sanyi yana cin yatsuna. Na tuna Henry Draper, wanda ya fara ɗaukar hoton wannan gajimaren a 1880 a Amurka. Kimanin minti 50 ya kwashe a kan hoto ɗaya.

Washegari na haɗa hotunan suka zama ɗaya a kwamfuta. Abin da ido ya gani fari-fari ya fito ja-ja, ya buɗe kamar fikafikan tsuntsu. Tsakiyarsa, inda taurari huɗu masu zafi ke haska shi, ta ƙone fari fat, wannan ya ɓata mini rai ƙwarai.

Ranar Juma'a na koma na nuna wa Baba a waya. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Tabarakallah. Ɗana, yaushe za ka ɗauko mini Kaza?"