Kafin ka kwance sitiyari, sa hannu ka ji inda yake bugawa

Ƙannena da ke koyon kanikanci, akwai wata mota da har yau in na tuna ta sai raina ya sosu. Hyundai Elantra ce ta 2010, ta wani malamin firamare. Ya ce in ya ɗan karkata sitiyari dama ko hagu sai ya ji ƙas-ƙas, ko da motar tana tsaye. Ban ko leƙa ƙarƙashin dashbod ba na ce masa, "Malam, tayarod ne." Aka canja tayarod ɗin, wato ƙarfen da ke kai juyin sitiyari ga taya, ƙara tana nan. Na ce to rak ne, wato dogon ƙarfe mai haƙora da ke tura tayoyin gaba dama da hagu, na tura yaro Ƙofar Ruwa ya sayo ɗan Beljiyam. Malam ya kawo kuɗin a ƙulle cikin leda, daga baya na ji adashinsa ya ɗauka.

Wajen sauke rak ɗin na ƙara wata ɓarnar. Na raba sandar sitiyari da rak ban ɗaure sitiyarin ba, yaro ya shiga ya murza shi, ya yi ta juyawa babu abin da ke tare shi. A bayan sitiyari akwai wata siririyar waya mai faɗi, a naɗe cikin gwangwanin roba, wadda 'yan kaya ke kira kulok sifirin. Ita ke kai wuta ga ham da jakar iska da maɓallan sitiyari, kuma zagaye biyar ko kusa da haka kawai take iya yi daga ƙarshe zuwa ƙarshe. Ta tsinke. Muka haɗa mota, ham ya mutu, fitilar jakar iska ta kama, ƙas-ƙas kuwa ko gezau.

Wani dattijo da ke gareji kusa da mu ne ya zo. Bai ɗauki sifana ba. Ya kwanta rigingine, kansa wajen birki, ya ɗora tafinsa a jikin motar lantarkin da ke manne da sandar, wato ƙaramin injin da ke sauƙaƙa murza sitiyari, ya ce, "Ɗana, girgiza min kaɗan-kaɗan." Sai ya kamo hannuna ya ɗora a wurin. Bugun yana shiga tafina kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa. Tsakanin motar lantarkin da giyar da take juyawa akwai wata 'yar roba mai kamar tauraro, ba ta fi murfin kwalbar lemo ba. Da muka buɗe, haƙoranta sun zama gari. Kuɗinta bai kai ko kusa da na aikin sauke rak ba. Na mayar wa malam kuɗinsa, na sayi wayar daga aljihuna, amma kwana huɗun da ya yi yana hawa adaidaita da yaransa ban iya biyansa ba.

Sitiyari layi ne mai tsawo, kuma ƙara tana bin ƙarfe ta ruɗi kunne, shi ya sa hannu ya fi kunne gaskiya. Ka tsayar da tayoyi a ƙasa, wani ya riƙa girgiza sitiyari a hankali, kai kuma ka bi da tafinka daga sama: jikin sandar, motar lantarki in tana nan, kuros ɗin da ke kusa da ƙafar direba (gaɓar da ke lanƙwasa tsakanin sanda da rak), sannan rak, sannan tayarod. Inda bugun ya fi ƙarfi, nan za ka tsaya. In sitiyari yana tauri a wani wuri ya saki a wani, sau da yawa kuros ne ya yi tsatsa, musamman motar da ta sha ruwan damina. In kuwa dukan sitiyarin ke motsi sama da ƙasa, duba makullin da ake ɗaga shi da shi da notinan da suka riƙe sandar. Motar da sitiyarinta na lantarki ne, irin Corolla ta 2009 zuwa sama, in ya yi nauyi farat ɗaya fitila ta kama, gwada batir da caji tukuna, ka sa kwamfuta. Raunin wuta kaɗai yana iya jawo haka.

In aikin ya kai ga kwancewa, daidaita tayoyi su kalli gaba, ka zura bel ɗin kujera cikin sitiyari ka ɗaure. Cire kan batir na baƙar waya, ka jira aƙalla daƙiƙa 90 kafin ka taɓa soket mai ruwan ɗorawa, wato na jakar iska. Kada ka sa fitilar gwaji ko mita a wayar jakar iska, kuma in ka ciro jakar ka ajiye ta fuskarta na kallon sama. Yi alama da fenti a bakin sandar da sitiyari, da kuma wajen kuros, don su koma haƙorin da suka fito.

Guduma kuwa, ina roƙonku, ku ajiye ta. Na daɗe ina dukan bakin sanda don sitiyari ya fita, ban san illar da nake yi ba. Tun wajen 1967 aka fara ƙera sandar ta yadda za ta shige cikin kanta in an yi karo, don kada ta soki ƙirjin direba. Abin da ke riƙe da ita an yi shi ne ya karye da bugu, duka ɗaya mai ƙarfi na iya lalata shi. Akwai ƙarfen jawo sitiyari, ka aro in ba ka da shi. Sandar da ta lanƙwashe a hatsari ba a miƙe ta, ba a kai ta wajen mai walda, canjawa ake yi.

Bol ɗin da ke matse kuros ka tabbata ya zauna a gurbinsa, ka ɗaure da hannunka, ba na yaro ba, domin in ya zame sitiyari ya rabu da taya ke nan ana cikin tafiya. Sai ka tayar da mota, ka murza zuwa ƙarshen dama da na hagu, ka danna ham, ka jira fitilar jakar iska ta mutu da kanta, sannan ka kira mai mota.