Mako na Goma Sha Ɗaya: Babban Ya Fara Zama Mace

'Yan'uwa masu koyon kiwon kifin ruwan gishiri, yau mako goma sha ɗaya ke nan da na zuba kifaye biyu na nau'in Amphiprion ocellaris a tankin gilashi mai cin lita 100. Ranar da na kawo su girmansu ɗaya, kowanne bai kai tsawon ƙaramin yatsa ba, jikinsa ruwan lemo da fararen ratsi uku. Yanzu ɗaya ya yi wa ɗan'uwansa fintinkau, kuma duk lokacin da ya taso masa, sai ƙaramin ya karkace yana karkarwa kamar mai zazzaɓi. Da farko na ɗauka ciwo ne, ashe mubaya'a yake yi.

A wannan nau'i babu wanda ake ƙyanƙyashewa mace. Wanda ya fi girma da ƙarfi shi ne ke rikiɗa ya zama mace, mai bi masa ya zama mijinta, sauran su ci gaba da zama ƙanana suna jiran gado. Idan macen ta mutu, mijin ya gaje ta, kuma wanda ya riga ya rikiɗa ba ya komawa namiji. Saboda haka kada ku haɗa manya biyu da aka raina daban-daban, domin wataƙila duka mata ne, faɗansu kuwa ba shi da kyau.

Asalin mazauninsu duwatsun murjani ne a ruwa mara zurfi na Indonesiya, Filifin da arewacin Ostireliya, inda suke fakewa a jikin anemoni, wata dabbar teku mai kama da fure wadda ke harbin sauran kifaye, su kuwa yauƙin jikinsu ya kare su. Ban sayi anemoni ba, domin yana buƙatar haske mai ƙarfi kullum, ga kuma yawan ɗauke wuta a unguwarmu. Ƙaramar tukunyar ƙasa na ajiye musu, sun kuwa karɓe ta.

Kuskurena na wannan watan a kan gishiri ne. Zafin bazara ya sa ruwan yana ƙafewa, ni kuma ina cike gurbin da ruwan gishiri, har ma'aunin gishirin ruwan ya tashi daga 1.025 zuwa 1.028. Ruwa ne ke tafiya, gishirin yana nan, don haka tataccen ruwan daɗi ake ƙarawa. Na kuma kafa fanka a bakin tankin don zafin kada ya wuce digiri 27.

Abin da nake dubawa yanzu shi ne ranar da za su fara goge cikin tukunyar da bakinsu, alamar shirin zuba ƙwai.