Sun ƙware a waya, amma ba su san inda fayil yake kwana ba

Darasin da nake koyarwa a ajin farko na jami'a abu biyu ne aka haɗa: tushen ilimin kwamfuta, sai kuma gina shafin intanet a ƙarshen zango. A takarda ana farawa da tarihi, daga injin Charles Babbage zuwa ENIAC da aka ƙaddamar a Amurka a 1946, a bi ta kan rabe-raben kwamfuta da lissafin sifili da ɗaya, kafin a taɓa HTML, harshen da ake rubuta shafin intanet da shi, idan lokaci ya rage. Ni kuwa na juya tsarin. Tun a makonnin farko nake sa ɗalibai su rubuta shafi da hannunsu, sauran abubuwan kuma su shigo a inda buƙatarsu ta taso.

Yaran da ke shigowa yanzu babu wanda bai taɓa zama gaban kwamfuta ba, tunda JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta tun 2015. A waya kuwa su ne malamaina. Sai dai ka ce wa ɗalibi ya buɗe folda da sunansa, ya ajiye aikinsa a ciki, gobe ya dawo ya nemo shi, nan za ka ga ido ya raina fata. Waya ta ɓoye musu wannan duka. Hoto yana "cikin WhatsApp", waƙa tana "cikin waya", shi ke nan. Ba su taɓa buƙatar sanin cewa kowane fayil yana da suna, da nau'i, da takamaiman wurin zama ba. Shafin intanet kuwa ba ya yafe wannan rashin sani ko kaɗan, shi ya sa nake farawa da shi.

Aikin farko a Notepad, manhajar rubutu ta Windows, ake yinsa. Layi kaɗan ne: kan magana, sakin layi ɗaya, a ajiye da sunan index.html. Nan take wasu za su ɗaga hannu, shafinsu ya ƙi buɗewa a burauza, Notepad ɗin yake sake buɗe musu. Windows yana ɓoye wutsiyar sunan fayil, don haka abin da suka ajiye a zahiri index.html.txt ne, ba su gani ba. Idan na nuna musu yadda ake fito da wutsiyar, suka goge .txt, alamar fayil ɗin ta rikiɗe a gabansu ta koma ta Chrome, sukan fahimci abin da awa guda ta bayani a allo ba za ta fahimtar da su ba.

Sai rigimar hoto. Wani ɗalibi ya kawo aikinsa a filas, muka buɗe, inda hoton ya kamata ya fito sai ɗan akwati babu komai.

"Malam, wallahi jiya yana fitowa."

"A ina?"

"A kwamfutar yayana."

Na ce ya karanta mini adireshin da ya rubuta wa hoton. Ya fara da C, ya bi ta Users, ya ambaci sunan yayan nasa, ya shiga Desktop. Bai kai ƙarshe ba ya yi shiru, sai ya ce, "Au, hoton yana can gida ke nan." Ban ƙara masa komai ba.

Inda na fi jin daɗin darasin shi ne ranar da suka fara rubuta shafi da Hausa. Wani lokaci harafin ƙ yakan fito a matsayin Æ™, ko kuma tsofaffin injinan ɗakin su mayar da ƙ da ɗ da ɓ alamar tambaya tun wajen ajiyewa. Daga nan nake shigo da lissafin sifili da ɗaya, domin yanzu suna da dalilin sauraro. Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Tsarin ASCII da aka fitar a 1963 gurbi 128 kawai ya tanada, A babba tana lamba 65, kuma ba a yi shi da mu a rai ba. Tsarin Unicode da ya zo daga baya ne ya ba haruffanmu masu lanƙwasa lambobinsu, kuma a UTF-8, wata hanyar ajiye lambobin Unicode, harafin ƙ yana cin bayit biyu (bayit ɗaya bit takwas ne, bit kuwa sifili ne ko ɗaya). Idan burauza ta karanta bayit biyun ɗaya bayan ɗaya da tsohon tsari, sai ta fito da alamomi biyu marasa ma'ana. Layi guda a saman shafi, mai shaida wa burauza cewa UTF-8 ne, ya kashe maganar Æ™. Bayan wannan rana ba na shan wahalar bayanin bit da bayit.

Ɗakin kwamfuta kuwa, kowa ya san halin da ake ciki. Ɗalibai sun fi injina yawa nesa ba kusa ba, a ɗauke wuta a tsakiyar aiki, janareta kuma sai an ce akwai mai. Abin da na lura da shi shi ne, idan mutum huɗu suka kewaye kwamfuta ɗaya, wanda hannunsa ke kan madannai shi kaɗai ke koyo, kuma galibi wanda ya riga ya iya ne yake karɓewa. 'Yan mata da yaran da suka fito daga makarantun ƙauye su ne ke ja baya su zama 'yan kallo. Don haka nake kiran canjin hannu da kaina, kuma na hana wanda ya iya taɓa madannai. Da baki kawai zai taimaka. Waɗanda ba su da kwamfuta a gida ina nuna musu manhajar Acode a Android, wadda za su iya rubuta shafinsu da ita. Rubuta HTML a waya akwai gajiya, amma ya fi jiran mako mai zuwa.

Aikin ƙarshen zango ba na karɓar shafin kamfanin ƙarya. Kowa ya nemi sana'a ta gaske a unguwarsu, tela ne, ko mai gyaran waya, ko mai sayar da atamfa a Kantin Kwari, ya yi mata shafi. A nan CSS, harshen da ake yi wa shafi ado da shi, ke shigowa, a nan kuma muke faɗa kan ado. Ɗalibi yana son launi bakwai da rubutu mai walƙiya, ya ɗora hotuna kai tsaye daga kyamara, kowanne megabayit uku ko huɗu. Sai in sa ya buɗe shafin a wayarsa da datarsa, ba da intanet ɗin makaranta ba. Da kansa zai koma ya rage nauyin hotunan.

Ranar da za su ɗora shafukan a GitHub Pages, wurin ajiye shafi a intanet don kowa ya gani, wanda kyauta ne, ita ce ranar da nake ba da labarin Tim Berners-Lee, wanda ya gabatar da shawarar yanar gizo a cibiyar CERN da ke kusa da Janeba a 1989. Sabar farko, wato kwamfutar da ke riƙe shafuka don wasu su buɗe, ƙirar NeXT ce a ofishinsa, da takarda manne a jikinta ana gargaɗin kada a kashe ta. Ɗalibaina sukan fashe da dariya a nan, wani ya ce da a garinmu ne da NEPA ta gama da intanet tun yana jariri. Amma sun gane cewa saba kwamfutar wani ce kawai da ba ta barci, kuma GitHub yana bambanta Hoto.jpg da hoto.jpg, abin da Windows ya saba yafe musu.

Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, ayyukan da ake kawo mini sun yi kyau fiye da kima. Ban hana amfani da shi ba, domin ba zan iya tsarewa ba. Sai dai rabin makin yanzu a gabana ake samunsa: ɗalibi ya zauna, ya buɗe aikinsa, in ce ya canza launin kan shafin, ya mayar da hoto ɗaya cikin sabuwar folda, ya gyara adireshinsa har ya sake fitowa. Wanda ya yi aikin da kansa minti biyu ya ishe shi. Wanda aka yi wa kuwa yakan fara da neman inda fayil ɗin yake.