Girka manhaja a kwamfutoci da yawa ba tare da danna Next ba

Mai kula da kwamfutoci 40 a cibiyar CBT ko ɗakin kwamfuta na makaranta ba zai bi su ɗaya bayan ɗaya yana danna Next ba. Tara fayilolin girkawa a filashi ɗaya, ka rubuta fayil ɗin .bat (fayil mai jerin umarni da Windows ke aiwatarwa bi da bi) kusa da su, ya yi maka aikin. Ka tabbata cikakken fayil ka sauko da shi, ba ɗan ƙaramin nan da sai ya hau intanet ya jawo sauran ba, in ba haka ba kowace kwamfuta sai ta ci nata data.

Kowane irin fayil da umarninsa. MSI, wato fayil ɗin girkawa mai ƙarewa da .msi, ya fi sauƙi:

start "" /wait msiexec /i "%~dp0manhaja.msi" /qn /norestart /l*v "%TEMP%\manhaja.log"

Waɗanda aka haɗa da NSIS (manhajar haɗa fayilolin girkawa), kamar VLC da Notepad++, /S suke karɓa, kuma dole babban harafi. In za ka sauya wurin girkawa, /D= ne, ya zo a ƙarshen layi, kuma ba a saka shi cikin alamar zance ko da akwai tazara a sunan folda. Na Inno Setup kuwa, wata manhajar irin NSIS, /VERYSILENT /SUPPRESSMSGBOXES /NORESTART.

Wancan %~dp0 ba ado ba ne. Da zarar ka buɗe .bat a matsayin Administrator, Windows na fara aiki daga C:\Windows\System32, sai ya nemi fayilolinka a can ya rasa. Shi %~dp0 yana nuna foldar da .bat ɗin ke ciki, ko filashin ya fito a E: ko a F:. Haka alamun zance biyun da ke bayan start: umarnin yana ɗaukar abu na farko da ke cikin alamar zance a matsayin sunan taga, don haka ake ba shi wofi.

Inda aka fi shan wahala shi ne girkawar shiru, wato wadda ba a danna Next, ko ta lalace, shiru take yi. Saboda haka bayan kowane layi ka rubuta %errorlevel%, wato lambar sakamakon umarnin da ya gabata, cikin wani fayil. Lamba 0 ta yi daidai. 3010 ma nasara ce, kwamfutar ce kawai ke jiran a kashe ta a kunna, amma mutane da yawa na ɗaukar ta kuskure su sake girkawa a banza. 1618 na nufin akwai wata girkawar MSI da ba ta gama ba, kuma Windows ba ya yin biyu a lokaci guda. Amfanin /wait ke nan. A PowerShell, wata hanyar ba Windows umarni, sai ka yi amfani da Start-Process tare da -Wait da -PassThru kafin ka ga lambar.

1603 ita ce mai ciwon kai, domin ba ta faɗin dalili. Buɗe fayil ɗin log, wato manhaja.log da umarnin MSI na sama ya rubuta bayanan girkawar a ciki, ka nemo "Return value 3", ka karanta layukan da ke samansa. Galibi rashin izinin Administrator ne, ko faifai ya cika, ko tsohuwar sigar manhajar ta tare hanya.