Gwangwanayen kwabban kaka

Bayan an yi sadakar bakwai ta kakanmu, Allah ya jiƙan shi da rahama, aka buɗe adakar shi a gidanmu na cikin birnin Zariya wajajen Kwarbai, don a san abinda ya bari kafin malam ya zo rabon gado. Can ƙasa, ƙarƙashin rawuna da wata tsohuwar alkyabba, sai ga gwangwanayen madara guda uku an toshe bakinsu da tsumma, nauyi kamar dutse. Ana juyewa a faranti sai tsoffin kuɗi, wasu masu huji, wasu sun yi baƙi ƙirin, wasu kore-kore ya kama su. Baffa ko zama bai yi ba yace ai shikenan abin nema ya samu, shi da idon shi ya gani a Facebook ana neman kwabo mai huji da miliyoyi. Da yake ni ne ake ganin kullum kaina na cikin waya, aka ce to kai ɗauki ka bincika mana. Ni kuma wallahi a lokacin ban san bambancin taro da sisi ba.

Bari in fara da ɓarnar da na yi don kar wani ya maimaita. Daren farko na samu toka da lemon tsami na zauna na dirje guda goma sha, wai don rubutun ya fito. Sun yi fes kam, har ina jin daɗi. Sai daga baya da na fara karance-karance na gane masu tara tsoffin kuɗi wannan duhun da shekaru suka sa wa ƙarfen shi suke so, kuma da zarar sun duba da gilashi suka ga zane-zanen dirza, farashin ya faɗi, babu kuma yadda za a mayar. A cikin waɗanda na dirje har da sule na 1916 na azurfa, har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci. Kar a wanke, ko da sabulu ne. In ƙasa ce ta toshe rubutu, ruwa zalla a ɗauraye, a ɗora kan ƙyalle mai laushi ya bushe, kuma a riƙa kamawa ta gefe.

Wadda ta fara buɗe min ido ba intanet bace, Goggo ce, yayar babanmu. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida bayan la'asar ina ta jujjuya su, ta jawo kujera 'yar tsugunno tace "kai ɗan nan, kawo nan, kai me ka sani." Ko tabarau bata sa ba, da yatsa take gane su. Wannan anini, goma ke yin kwabo. Wannan ɗari, rabin kwabo kenan. Kwabo uku taro, shida sisi, sha biyu sule, sule biyu fataka wasu su ce dala, sule ashirin fam ɗaya. Ahu kwabo ɗaya da rabi, nai kwabo tara, amma su a baki ake lissafa su, babu ƙwayarsu a gwangwanin. Sai a ranar na gane in mutum yace bani da ko anini, to iyakar talauci ya faɗa, babu abinda ya kai shi ƙanƙanta. Tace da kwabo irin wannan ake basu su kai kuɗin Laraba makarantar allo, a ɗaure a bakin zane don kar ya faɗi a hanya.

Daga nan na sayo gilashin ƙara girma a kasuwar Sabon Gari, na samu littafi, kowanne in rubuta shekara, sunan sarkin da ke jiki, da abinda aka zana. Tari mafi yawa na zamanin Turawa ne masu rubutun British West Africa, kuɗin da muka yi tarayya da Gana da Saliyo da Gambiya. Masu hujin babu hoton sarki, kambi ne a sama da sunan shi, a baya tauraro mai tsini shida, kuma abin da ya burge ni akwai rubutun Larabci a jiki da ke faɗin darajar kuɗin, saboda mutanenmu a lokacin shi suke karantawa. Na farko-farkon sun fito ne a 1907, aninin wannan shekarar na alminiyom ne, ba nauyi sam. In ka duba da kyau wasu za ka ga ɗan mitsitsin harafi, H ko KN, alamar ma'aikatar da ta buga ne a Birmingham, wanda ba harafi kuma na Landan ne. Wannan ɗan harafin ba wasa bane, shekara ɗaya kuɗi iri ɗaya, amma na wata ma'aikatar ya cika ko'ina na wata kuma da ƙyar ake samu.

Sule da fataka masu hoton bishiyar kwakwar manja su ne inda hankali ya kamata ya tsaya. Daga 1913 zuwa 1919 azurfa ce mai kyau, kashi 92.5 cikin ɗari, a 1920 aka rage ta zuwa kashi 50 sannan aka koma farin ƙarfe mai ruwan ɗorawa gaba ɗaya. To ka ga ƙwayar sule guda biyu na iya zama hoto ɗaya, sarki ɗaya, amma ɗaya azurfa ɗaya ba komai, shekara ce da launi za su raba maka gardama.

Sai tari na biyu, na 1959 masu rubutun Federation of Nigeria, shekarar da Babban Bankin Najeriya ya fara aiki: taro mai kusurwa sha biyu da hoton auduga, sisi da koko, fataka da gyaɗa. Na uku kwabban naira da suka fara a Janairun 1973 lokacin da fam ɗaya ya koma naira biyu. Waɗannan biyun gaskiya sun yi yawa a duniya, kusan kowane tsohon gida a Zariya in aka tona za a samu.

Yanzu ga inda ta leƙo ta koma, har sau biyu. Na ci karo da kwabbai huɗu na 1936 da sunan Edward na takwas, sarkin Ingila da bai cika shekara a kan mulki ba ya sauka. Na buga sunan a waya na ga kuɗin shi na Ingila ana sayar da su kuɗi na fitar hankali, ranar ko barcin kirki ban yi ba, har na fara lissafin fili a Samaru. Ashe a Ingila ne ba a sake su ga jama'a ba shi yasa suke tsada, namu na nan da yake ba sa buƙatar hoton fuska sai suna kawai, an buga su da yawan gaske an watsa kasuwa. Na biyun wata ƙatuwar dala ce mai hoton wata mata mai jiki, an rubuta 1780. Nace to wannan kam ta haura shekara 240. Mariya Tarisa ce sarauniyar Ostiriya, ta rasu a 1780, kuma tun daga lokacin duk wadda aka sake bugawa wannan shekarar ake sa mata, ko da a ƙarni na ashirin aka buga. Fatake sun yi ciniki da ita sosai a ƙasar Hausa, mata kuma suna kwalliya da ita, tamu ma an taɓa liƙa mata kunne na rataya. Amma azurfa ce, giram 28 ne nauyinta, azurfar ciki kusan giram 23.

Akwai kuma riyal biyu na Saudiyya, tsarabar Makka, da shekara 1354 cikin lambobin Larabci. Hijira ce, ka ninka da 0.97 ka ƙara 622, zai baka 1935, zamanin Sarki Abdul'aziz. Su ma azurfa ne.

Masu azurfar na kai wa wani maƙerin fari, dattijo, ya ɗora su ɗaya-ɗaya a ƙaramin sikelin shi, sule giram 5.6 da 'yan kai, fataka 11.3, ya ɗora dalar a kan yatsa ya ƙwanƙwasa ta da wata, ƙarar ta daɗe tana tafiya, yace "wannan ta gaskiya ce yaro, ta jabu ƙararta a mace take." Na tambaye shi gwajin maganaɗisu da nake gani ana yi, yace in ya kama to ba azurfa bace, amma rashin kamawa ba hujja bane, tagulla ma baya kama ta. Abinda na ɗauka daga wajen shi, nauyin azurfar shi ne ƙasan farashi, kar a sayar ƙasa da haka, kuma kar a bari a narka kafin a duba shekara da harafi. Saman farashin kuma sai ka nemo irin naka a Numista, shafin intanet na masu tara tsoffin kuɗi, ka san ko mai wuyar samu ne, ka je kasuwar intanet ta eBay ka duba waɗanda aka riga aka sayar, ba waɗanda aka saka wa farashi ana jira ba, don kowa na iya rubuta miliyan a kan kwabo. Kuma ka kwatanta da gaskiya, in gashin sarkin da rassan bishiyar sun goge a naka, kar ka haɗa shi da wanda bai taɓa shiga kasuwa ba.

Mutumin Baffa na Facebook ɗin ma mun kira shi. Ko hoto bai gama kallo ba yace zai saya duka, amma sai mun fara tura kuɗin rajista da na gwaji. Baffa ya karɓi wayar ya kashe da kan shi.

Ranar da aka taru a zaure na karanto lissafi, tari uku: masu azurfa, 'yan kaɗan masu kyan jiki da ya kamata a ƙara bincike a kansu, da sauran da ko an sayar kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba. Malam yace masu azurfar a yi musu ƙima a sa cikin gado, sauran in magada sun yarda kowa ya ɗauki na tunawa. Na faɗi gaskiyar sulen da na dirje, Baffa ya harare ni yace a cire a rabon babana, aka yi dariya. Goggo bata ko kalli dalar ba, ta tona ta ciro taro ɗaya mai hoton auduga, tace da kuɗin auduga marigayin ya yi mata kayan ɗaki, ta ɗaure shi a bakin mayafi ta shige ciki.