Zoben da na saka wa tef da hannuna

Jiya na tarar da ɗan ƙanina yana goge bayanan kwastomomi kai tsaye a kan na ainihi, na ce yaro ka ajiye kwafi kuwa? Ko ɗago kai bai yi ba, wai Baffa ai komai yana intanet. Wallahi sai da gabana ya faɗi.

Lokacin da na fara aiki, albashin ma'aikata muke haɗawa da COBOL, wani yaren rubuta manhajar kwamfuta, a kan babban injin kwamfuta na kamfanin IBM, bayanan duk suna kan tef mai layi 9, faifai guda ƙafa 2400. Tef uku ake ajiyewa, kaka da uba da ɗa, wato tsohon kwafi da na baya-bayan nan da sabon da za a rubuta, ka karanta uba ka rubuta ɗa, kaka yana kabad ko da wani abu zai faru. A bayan faifan akwai zoben roba, in babu shi injin ba zai taɓa rubutu a kai ba. Wani ƙarshen wata sabon tef ya ƙare mana, oga yana ta kira, na ɗauko kaka na saka masa zobe da hannuna. Injin ma ya yi gargaɗi wa'adin tef ɗin bai cika ba, na ce wa ofareta ya wuce kawai. Ana tsakiyar aiki uba ya ƙi karantuwa, ya cukurkuɗe a cikin na'ura, kaka kuma na riga na rubuta rabi a kansa.

To tef tsada yake a lokacin, sai an cika takardu kafin a ba ka, kuma ba ni kaɗai ke yin haka ba. Amma ni na saka zoben. Muka koma takardu ana sake buga sunaye ɗaya bayan ɗaya, albashi ya makara, wani masinja dattijo ya tsaya a bakin ƙofa yana tambaya a hankali ko yau za a biya, yaronsa ba lafiya. Har yau ina jin muryarsa.

Na so in jero muku shawarwari da yawa, amma ku yaran yanzu karatu mai tsawo ba kwa yi. In na'ura ta yi gargaɗi ku tsaya ku karanta, ku daina danna eh kamar ana korarku. Kar oga ya sa ku gaggawa. Ko da yake in ka cika jan ƙafa ma sallamarka za a yi, wannan kai ka san yadda za ka yi da shi. Kwafi dai ka ajiye biyu a wuri daban-daban, kuma ka buɗe shi ka ga yana karantuwa kafin ka taɓa na ainihi.